Gini Ba da Dutse Ba

Ni Petrit, magini ɗan magini,
shekara arba'in da ɗaya ina kan rufin Gjirokastër
ina jera faifan dutse bisa faifan dutse,
har gwiwa ta ce ta gaji, ta sauko da ni ƙasa.

Ɗaki biyu suka rage a sama babu kowa.
Teuta, jikata, ta ce a riƙa saukar baƙi,
sai dai baƙon yanzu ba ya ƙwanƙwasa ƙofa,
sai ya ga gida a waya kafin ya ɗaure takalmi.
Ta ajiye kwamfuta a teburin yanka burodi,
ta ce, Kaka, yau ma gini za ka yi.

Na ce, ina yashi? Ina igiyar awo?
Ta yi dariya har gahawa ta zube.

Farin fili ne, ba tudu ba kwari.
A gefe ga akwatuna jere kamar tubali a rana,
wannan na hoto, wannan na rubutu, wancan na taswira.
Ka ɗora yatsa, ka ja, ka saki,
ya zauna.
Abin da ƙarti huɗu ke nishi a ƙarƙashinsa
ga shi ina ɗagawa da ɗan yatsa guda.

Amma gidan da suka ba mu da mutane a ciki:
wata mai fararen haƙora tana wa kofi murmushi,
wani teku da ban san sunansa ba,
da rubutun da ba na harshen kowa ba.
Na ce, sallame su.
Ta danna, suka watse, ko waiwaye babu.

Da na ja akwati kusa da ɗan'uwansa
sai wani siririn layi ya fito don kansa
ya ce, nan ne daidai.
Shekara bakwai maigidana Thoma yana buge mini hannu
kafin idona ya koyi abin da layin nan ya zo duniya da shi.
Na ji haushi. Na kurɓi gahawa. Na sake ja.

Can na goge sunan gidan bisa kuskure,
gabana ya faɗi.
Teuta ta taɓa wata 'yar kibiya mai lanƙwasa,
sunan ya dawo, ko tabo babu.
Na daɗe ina kallon kibiyar nan.
Akwai katangar da na so na rushe ban samu dama ba,
akwai maganar da na gaya wa ɗana a tashar mota
ranar da zai ƙetare iyaka.

Muka sa hoton gidan, wanda aka ɗauka bara waccan.
A tagar hagu ga rabin Lumturi,
kafaɗa ɗaya, hannu ɗaya, tana rataye barkono.
Teuta ta kamo gefen hoton za ta datse,
ta ce ya fi tsabta haka.
Na riƙe mata hannu.
Ba ta ce komai ba. Ta mai da gefen inda yake.

Ta ce mu duba a waya, mu ga yadda zai fito.
Gida ya tsuke, komai ya hau kan komai,
ƙofa a saman rufi, kuɗin ɗaki a kan sunana.
Muka sake jerawa har fitilun ganuwa suka kama.

A ƙasa na bar wani fili fari, ban sa komai ba.
Ta ce, me zai shiga nan?
Na ce, Thoma ya ce kowane rufi
sai ka bar wa ruwa hanya.

Ta ce, to danna nan, ya fita duniya.
Na danna. Babu ƙara, babu guɗa,
ba a yanka ko zakara ba.

Da tsakar dare ruwa ya sauko.
Ina kwance ina jin sa a kan duwatsun da na jera,
kowane na riƙe da na ƙasansa.
Wayar tana gefen matashi, shiru,
kamar sabon ɗakin da ba a kwana ciki ba tukuna.