Takardar Tsire

Daren Laraba, Tashar Dukku,
na sayi tsiren ɗari biyar wurin Bappayo.
Ya barbaɗa yaji, ya naɗe, ya ce sai gobe.
A gida na warware.
Rubutuna ne.
Na san yadda nake lanƙwasa bakwai,
na san jan biron da ya yi ta tsiyaya a wancan watan.

Suna, shekara talatin da ɗaya, Jekadafari,
lambar waya cif, ko ɗaya ba ta goge ba,
sai abin da gwaji ya gani a jininta,
man tsire ya jiƙa shi, ya ƙara fito da shi.
Na san matar. Tana gaishe ni a layin famfo.
Naman ya huce a gabana.

Ni na sayar da rijistocin.
Kilo goma sha ɗaya, da hannuna na ɗora a sikeli,
na ce sun tsufa, sun cinye wuri, ɓeraye na haihuwa a ciki.
Kuɗin ko cefanen kwana biyu bai yi ba.

Da dokar kare bayanan mutane ta iso asibitinmu
ba ta zo da jiniya ba.
Dakta Hansatu ce ta shigo da ita cikin fayil ruwan toka,
ta tara mu biyar ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa,
ta ce, "Sunan mutum aro ne a hannunku, ba gado ba.
Ku karɓi iya abin da magani ke buƙata,
ku faɗi dalili kafin biro ya taɓa takarda."
Abokan aiki na ta hamma.
Ni ƙanshin yaji kawai nake ji.

Yanzu kabad na da kwaɗo, makullin na wuyana.
Kalmar sirrin kwamfuta ta daina zama sunan ɗana,
na ɓare 'yar takardar da na manna ta a gefen tebur.
Ina tambaya. Layi ya ƙara tsawo,
wata ta yi min tsaki har sau biyu.
Wani tsoho daga Kwami ya dube ni ta saman tabarau:
"Shekara tara ina ba ka sunana,
yau ne za ka nemi izini?"
Na ce, Baba, bashin tambaya nake biya.
Ya dangwala yatsa, ya goge tawadar a gefen hula.

Wani ya buga tebur: "Matata ce, nuna min sakamakonta."
Na ce ku zo tare, ta faɗa da bakinta.
Ya kira ni da sunan da ba zan rubuta ba.

Jiya kuma mai mota baƙin gilashi,
yana son lambobin masu ciwon suga,
wai zai tallata musu shayi.
Ya ajiye ambulan, ta yi kauri.
Kuɗin makarantar Ummita na ciki, na sani, har da canji.
Na tura masa ita da bayan biro.
Ba zan ce hannuna bai yi rawa ba.

Waɗanda wa'adinsu ya cika muna ƙone su bayan gini,
ni da maigadi, Dakta na tsaye tana sa hannu,
ina juya toka da sanda
har sai harafi ɗaya bai rage ba.

Amma kilo goma sha ɗaya ba sa dawowa.
Sun watsu cikin Gombe,
a ƙunshin ƙosai, a bakin kwata, a cikin akuya.
Dakta ta ce in bayani ya zube
mai shi na da haƙƙin ya sani.
Na rubuta wasiƙar sau huɗu.
Tana aljihuna, gefenta ya fara yin laushi.
Gobe, in ta sauke bokiti.

Bappayo na ƙorafin takarda ta yi wuya kwanan nan,
tsohuwar jarida yake nema gida gida.
Har yanzu ina sayen tsirensa.
Sai dai kafin in kai loma
nakan juya takardar
in karanta.