Mai Ƙera Tagogi

A Panteka nake ƙera tagogi.
Shekara goma sha ɗaya ina yanka ƙarfe,
ina auna wa iska hanya da tef.
Gidajen Malali da na Barnawa
da aikin hannuna suke shaƙar safiya.
Tagar ɗakina kuwa, can Rigasa,
ni na rufe ta da fallen kwano da ƙusa shida
ranar da ɓarawo ya zura sanda ya janye waya.
Gudun gara na yi.
Ban san gidan zago na nufa ba.

Damina ta sauka.
Sahura ta shigo da murhun gawayi bayan ƙofa,
don ruwa ba ya barin tuwo ya nuna a waje.
Ni na kunna maganin sauro ƙarƙashin gado,
yana cin kansa zobe-zobe har asuba.
Janaretan Isiyaku mai caji
yana tari a gindin bangonmu.
In baƙi za su zo, sai turaren wuta
ya danne warin danshin katifa,
su ce: kai, ɗakin nan da ƙamshi!

Haulatu shekararta huɗu.
Ita ce mai barci kusa da ƙasa,
inda komai ke taruwa ya kwanta.

Daren Laraba na farka
ina jin butar shayi na fito.
Babu buta. Babu wuta.
Ƙirjin 'yata ne,
haƙarƙarinta na shiga suna fita,
tana jan numfashi kamar mai jan guga
daga rijiyar da ta yi nisa.

A Barau Dikko, Sista Rifkatu
ta ɗora mata abin shaƙa a hanci,
ta jira kafaɗunta suka sauka,
sannan ta juyo kaina.
A ina kuke girki?
Me kuke kunnawa da dare?
Tagarku nawa?
Na dubi takalmina.
Malam, mene ne sana'arka?
Na faɗa mata.
Ba ta yi dariya ba.
Da ma ta yi.

Da hantsi na ɗauko kwabiri.
Ƙusa ta farko ta fito da kuka,
ta shida sai da na yi gumi.
Da kwanon ya faɗi, haske ya shigo,
na ga bangon da nake zaton toka-toka ne:
baƙi ne, baƙin gindin tukunya,
na sa yatsa na rubuta sunanta a kai.
Abin da bango ya sha ke nan.
Bango ba shi da huhu.

Na ƙera taga da ragowar ƙarfen wani Alhaji,
sanduna don ɓarawo, raga don sauro.
Na fasa wata ƙarama a ɗaya bangon
don iska ba ta son shiga inda ba mafita.
Na kafa wa Sahura rumfa a tsakar gida.
Gidan sauron da aka raba bara,
wanda muka lulluɓe tumatir da shi,
mun wanke, mun rataya.
Katifa ta sha rana kwana uku.
Turaren wuta sai da muka yi gardama,
ta ce gadon kakarta ne.
Yanzu a soro take kunna shi, in yara sun fita.
Isiyaku ya matsar da injinsa taku goma,
bai gaishe ni ba har mako biyu.

Ban ce ta warke sarai ba.
Wani daren har yanzu ina tashi,
in sa kunne kusa da bakinta, in ƙirga.

Jiya na sayo mata balan-balan ja
a bakin Kasuwar Bacci.
Ta hura, ta huta, ta hura,
ya kai girman lemo, ya kai girman ƙwarya.
Ta sake shi da gangan.
Ya zagaya ɗakin yana tusa,
ya je ya bugi ragar taga.
Ta ce, Baba, ƙara sayo wani.