Tawul Guda

A wuyan auta ya fara,
ɗan ƙurji kamar ƙwayar dawa.
Na ce zafin bazara ne,
na shafa masa man kaɗe, na koma kan tuwona.

Kwana uku ya zama maruru,
ya yi ja, ya yi ƙyalli, yana zogi.
Na aiki Huwaila kemis ɗin bakin layi
ta sayo kafso ja da rawaya.
Na ɓare ɗaya na barbaɗa a kan ciwon,
biyu ya sha, sauran na ajiye a kan taga
saboda wata rana.
Haka kowa ke yi a gidan hayarmu na Rigasa:
ciwo ya lafa, magani ya tsaya.

Sai ya bar auta, ya kama Huwaila a hammata.
Ya bar ta, ya sauka a cinyar ɗan farina,
wanda ba na kama sunansa.
Ya bi baban yara har gareji,
ya zauna masa a haɓa, daidai inda reza ke bi.
Ya yi ta zagaya mu kamar adashe,
kowa da ranar kwasarsa.

Maƙwabta suka ce baki ne. Wata ta ce jifa.
Na tofa addu'a, na ƙara sayo kafso.
Ko gezau.

Daren da jikin auta ya ɗau zafi kamar bakin murhu
muka tari keke zuwa asibiti a Tudun Wada.
Suka tsaga, suka matse,
suka ɗebi mugunya suka kai ɗakin gwaji.
Da takardar ta fito, nas Sahura ta bi layin da yatsa:
wannan maganin ya san shi,
wannan ma ya san shi,
ku kuka yi ta biya masa karatu rabi-rabi
har ya haddace.
Ta ce ƙwayar ba baƙuwa ba ce,
a fata take kwana, a cikin hanci, a ƙarƙashin farce.
Sannan ta ɗago kai:
tawul nawa ne a ɗakinku?

Na yi shiru.
Guda ne, shuɗi, tun na sunan Huwaila,
rataye a ƙusa bayan ƙyaure,
bai taɓa bushewa sarai ba.

Da na dawo na ɗauko almakashi.
Tsohon zanina na atamfa na yanka gida biyar,
na kalmashe bakin kowanne da zarensa:
kore na auta, fari na babansu,
nawa baƙi, don shi ya rage a gwangwani.
Soso biyar. Sabulun salo, kowa da gutsurensa.
Zanin gado ya sha tafasasshen ruwa, ya hau igiya,
rana ta ƙarasa aikin,
ita da ba ta karɓar ko sisi.
Baban yara ya daina aron reza.
Juma'a da safe, layin yankan farce.
Wanda ya ƙuje, a wanke, a rufe,
a wanke hannun da ya wanke.

Kakarsu ta aiko ganyen darbejiya daga Giwa,
na dafa na zuba a ruwan wanka, na yi mata godiya,
amma maganin da likita ya rubuta
sai da auta ya shanye shi tas,
yana kuka, ina ƙirga kwanaki a bango da gawayi.

Wata huɗu ke nan.
Tabo ya rage a wuyansa, kamar shatin kwabo.
Shuɗin tawul yana gareji, yana goge baƙin mai.
Jiya Lantana ta ɗaki na uku ta leƙo:
ko akwai ragowar kafso? Ɗanta ya yi ƙurji.
Na duba taga, babu komai sai cocila.
Na gutsuro mata sabulu,
na ce zauna tukuna, in ba ki labari.

Ni kuwa har yau, in sun yi barci,
sai na bi wuyansu da haske ɗaya bayan ɗaya
kafin in kwanta.