Tarin da ke Waƙa ta Bakwai

Kundin fari an yafe mana shi
kamar yadda ake yafe wa yaro faɗuwar farko a kan keke.
Na biyu kuwa, mutane sun ja kujera,
sun harɗe hannu, suna jira.

Ni ne mai haɗa sauti.
Ɗakina na saman shagon gyaran waya a titin Gidan Zu,
bango sanye da kwalin ƙwai,
fanka mai karkataccen wuya,
janareto a ƙasa yana gurnani da murya guda
har muka gaji da faɗa da shi
muka ɗaure tsirkiyar jita a kan muryarsa.

Nazifi ke zuba gambara.
Bakinsa keken ɗinki ne a jajiberin Sallah,
kalma na taka diddigen kalma.
Mansura ta je Ƙofar Ruwa da wayarta,
ta kamo ƙarar guduma a kan rodi,
ta yayyanka ta, ta jera, ta zama ganga.
Duk da haka abin yana yawo a sama
kamar miyar da ba a sa wa daddawa ba.

Sai ta zo da Baba Iliya daga Sabon Gari,
da jitarsa mai tsagaggen ciki, an ɗaure da salatif.
Shekara talatin yana kaɗawa a otal-otal
da yanzu suka koma shagunan taya.
Ya ce sunan abin bulus.
Nazifi ya ce,
wannan ai gurmi ne ya tafi ci-rani
ya dawo da baƙar kwat.
Tsoho ya yi dariya har ya sarƙe.

Ya ja tsirkiya ɗaya, ya lanƙwasa ta,
ya ƙi saki.
Na ga yaron da bai taɓa barin gurbi a baiti ba
ya yi shiru,
ya bar kuɗin haya da takardar digirin da ke ƙasan katifa
su numfasa tsakanin bugu da bugu.

Watanni tara muka yi.
Gurasa da ƙuli, shayin Sagir na bakin titi,
bashin fetur a bayan littafi.

A waƙa ta bakwai, minti biyu da ɗan wani abu,
Baba ya yi tari.
Na sa alama zan goge.
Kafin in waiwayo ta
an kai shi maƙabartar da ke bayan layinsu,
jitar na jingine a kusurwata, ba mai taɓawa.

Mansura ta ce a bari.
Nazifi ya ce gidan rediyo ba za su sa ba.
Yatsana ya kwana a kan maɓalli.

Jiya a Adaidaita, wajen gadar Ƙofar Nasarawa,
cunkoso ya tsayar da mu.
Direba ya ƙara murya, ga mu muna fita ta tsohuwar sifika,
guduma, jita, janareto,
sai tarin.

Wata mata da buhun barkono a cinya
ta ɗaga kai, ba ta san wa take yi wa ba,
ta ce, sannu.