Gizagon Kofur Nomau

A Wurno, gangaren tsohuwar marina,
inda gawo ke yin rumfa da rani,
nan Kofur Nomau ke shimfiɗa buzu,
ya matse gungume tsakanin gwiwoyi.
Ni ne jikan da ke kwashe sassaƙe.

Yatsu uku ne a hannunsa na hagu.
Biyun, in ji shi, suna can kudu,
bakin wani kogi da bai riƙe sunansa ba,
an bar su gadi, har yau ba a sallame su ba.
Sai ya yi dariya, jan goro ya bayyana,
ya ce, miƙo dutsen washi, yaro, rana na tafiya.

Ƙirya ya fi so, mai taurin kai irin nasa.
Yakan ƙwanƙwasa ta da bayan gatari, ya kara kunne:
wannan turmi ne, wancan akushi,
wannan kuwa gara ta riga mu, a kai wa mai masa.
Aduwa ta allo ce, ba ya ciniki a kanta,
abin da malam ya miƙo ya isa.

Sau tara ya je Sakkwato tantancewa,
takarda a leda, lamba a aljihu,
sau tara ana cewa ya dawo wata mai kamawa.
Bai zagi kowa ba.
Ya rataye hula, ya fafe turmi kafin isha.
Kakata ta ce, yau ma icce ya biya bashin gwamnati.

Akwai baƙin akushi a kan rumbu
da ko nawa ka taya ba ya sallamawa.
Na Iliya ne, ɗan Zuru,
wanda suka sha garin kwaki a hular kwano ɗaya.
Ya yi masa alkawarin tuwon shinkafar fadama
in Allah ya sa an koma gida.
Mutum ɗaya ya komo.
Duk shekara yana shafe shi da man shanu,
ya kife, ya yi shiru.

Shekarar da muka fara kwana da takalmi a ƙafa,
samari suka zo da bututu daga maƙera:
Baba, sassaƙa mana gindin bindiga.
Ya karɓi ƙarfen, ya auna a tafi,
na ga kafaɗarsa ta ɗaga da kanta
kamar an kira sunanta.
Ya ce, na san abin da ya koro ku,
ban ce ku kwanta a yanka ku ba.
Amma hannun nan ya sauke wannan kaya.
Ku nemi wani.
Suka fita suna cewa tsoho ya ji tsoro.

Daren nan tuwonsa ya kwana a rufe.
Gizago bai huta ba har kiran assalatu,
da safe na tarar da muciya goma sha ɗaya
da wata da ya yi ta shafta har ta karye.
Ban tambaya ba. Ban sani ba ko daidai ya yi.
Shi ma, ina jin, bai sani ba.

Ya rasu ranar Laraba, gero na bununi.
Ba a busa begila ba, ba a harba komai sama ba,
mutum ashirin da wani abu, da yayyafi.

Ya bar turmi ɗaya rabin fafewa.
Na ɗauki gatarinsa in ƙarasa,
sai na ji ƙotar ta lotsa gurbin yatsu uku,
nawa biyu suka rasa wurin zama.

Yanzu da hantsi, in mata suka kama lugude
daga gidan Jatau har bakin rijiya,
ina iya rarrabe nasa a cikin saura.
Sun fi zurfin murya.