Rabin Sanda

Shekarar da haƙorana na gaba suka zube
ita ce shekarar da Iya Cima ta rasa turminta na ƙarshe.
Muka zama mu biyu a gidanmu na Zango,
ni da wawulo, ita da dasashi,
ƙanzo ma kallonsa muke daga nesa.

Kawu Manzo na jan babbar mota hanyar Tanut.
In ya sauka, tun bai amsa sannu ba,
sai ya miƙo ƙunshi cikin takardar siminti
mai warin gazuwal da gumin tafiya.
Cuku ne, fale-fale kamar tafin hannu,
zanen tabarmar da aka shanya shi
kwance a bayansa layi-layi.

Lawali ya ɓalla, ya gurgura,
ƙaras-ƙaras, yana kallona da gangan.
Na gwada. Bakina ya yi jini.

Iya ta ce, "Kukan na mene ne?
Inda haƙori ya kasa, wuta ta san hanya.
Ungo dala biyar. Ruga wurin Ɗan Jimma,
rabin sanda, ka ce inji ni,
kada ya ba ka na jiya."

Na ruga.
Na wuce ƴan garuwa a layin famfon da bai zo ba,
na wuce duwatsun da ke mai da wa dare zafin rana,
na dawo da burodi a hammata, da ɗuminsa,
kan nan ya ragu kaɗan.
Ba ta tambaya ba.

Murhun shayin Kawu ta ja, na waya,
ƙafa ɗaya a karye, an tokare da dutse.
Ta tsoma yatsu a ƙwaryar madara,
ta yayyafa wa cukun kamar mai tofin addu'a,
ta aza shi, ba kan wuta ba, gefenta.
"Garwashi kamar babban mutum ne,
kusa ka ƙone, nesa ka ji sanyi."

Muka jira.
Ladan ya gyara murya a masallacin unguwa.
Cukun ya fara gumi, ya kumbura, ya saki jiki,
taurin kan nan na hamada duk ya sauka.
Ta tsaga cikin burodin da babban yatsa,
ta tura shi ciki, ta matse da gefen zane,
ta raba.
Zare ya miƙe tsakanin hannunta da nawa,
ya yi tsawo, ya yi siriri,
muna dariya, baki biyu babu ƙofa,
kowa na jiran ya tsinke a gefen ɗan'uwansa.

Ɓawon muka bar wa Lawali.

Haƙorana suka fito kafin damina.
Na koma cikin masu gurgura,
na daina zama bakin murhu,
ƙwallo na kira a bayan lakwal.
Sau nawa ta gasa ita kaɗai, ban ƙirga ba.
Ban ma san akwai abin ƙirgawa ba.

Jiya Habsu ta shigo da haƙori a tafin hannu,
tana neman rufin da za ta jefa shi.
Ranar Alhamis ce, na bi ta kasuwar Dole,
na yi ciniki da wata Buzuwa, ta fi ni taurin kai.
Na kunna gas. Na farko ya ƙone ƙurmus.
Na biyu ya zama fatar takalmi.
Sai na aro garwashi a maƙwabta,
na tsuguna, gwiwa tana ƙara,
na tuna madarar.

Habsu ta ciza da gefen baki,
ta ja, zaren ya biyo ta har haɓa.
Ta ce, "Baba, wa ya koya maka?"

Na buɗe baki in faɗa,
harshena ya faɗa ramin turmin da aka cire mini bara.
Na ce, "Riƙe nan. Ja a hankali."