Gishirin Rasht

A Yazd, in na shanya zani da hantsi,
kafin in sunkuya in ɗauko na biyu
na farko ya bushe ƙarau.
A nan Rasht, yau kwana uku
rigar Sohrab na kan igiya,
ta fara warin tsohuwar rijiya.

Bahman ya ce aiki ne,
injin casar shinkafa, albashi mai kauri.
Bai ce iskar garin sai an tauna ake haɗiya ba.
Bai ce ƙofa za ta kumbura
har sai an sa kafaɗa ba.

Daren farko ban runtsa ba.
Zufa ta fito, ta rasa wurin zuwa,
ta zauna mini a wuya
kamar baƙon da kuɗin motarsa ya ƙare.
Fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa
tana kai wa waccan.
A gida kan soro muke kwana,
taurari kusa, kamar ka tsinko.
A nan kwaɗi ke musu har asuba,
kuma ba wanda ya taɓa cin gardamar.

Gishiri ya dunƙule a kwalba.
Ashana bakwai na karya kafin shayi.
Takalmin Idin Bahman ya tsiro furfura.
Duk na shanye,
sai ranar da na ja alewar auduga,
sana'ar ubana da kakana,
silili dubu, fari fat, na tara a faranti.
Kafin la'asar ta kwanta ta zama ɗanƙo.
Na zauna a ƙasa na yi kuka,
hawayen ma suka ƙi bushewa.

Gulnesa maƙwabciya ta shigo ba sallama,
hannunta na ƙanshin tafarnuwa da kifi.
Ta zuba ƙwayar shinkafa cikin gishiri,
ta cusa gawayi a akwatin kaya,
ta ja gado taku ɗaya daga bango.
Ta ce, "Bango ma numfashi yake, bar masa hanya.
Alewarki kuwa ki jira sanyi.
Ba a yi wa ruwa gardama a garin kifi."

Na bi, ba don na yarda ba.

Sai wata safiya ina ninke matashin Tahmina
na ga fari ne tas, ba ɗigon jini.
Na ƙirga da yatsu: mako shida ba haɓo.
Fason ƙafar Bibi Sakine,
wanda ya girmi aurena,
ya rufe baki ba magani.
Sandar da muka tokare igiyar shanya da ita
ta fitar da ganye huɗu.
Sohrab ya ba ta suna.

Bibi dai ba ta saki ba.
Matar da ke alwala da rabin moɗa
ba ta iya kallon sama na ɓarna.
Ruwa na saukowa za ta fito da tukwane,
da roba, da butar shayi, har da murfi.
Su cika, su tumbatsa,
ta tsaya tsakar gida jiƙe sharkaf
tana yi wa girgije faɗa:
"Can ake nemanka, marar kan gado!"

Yanzu gishirina na zuba.
Na san sa'ar buɗe taga da sa'ar rufewa.
Na san bangon da ke gumi,
na daina jingina masa littafi.
Zufar ma mun saba, muna gaisawa.

Abu ɗaya ne hannuna ya ƙi koya.
In na wanke shinkafa
ba na iya zubar da ruwan a kwata.
Sai in ɗauko kwanon da hannu biyu,
a hankali, kar ya fantsama,
in fito bakin ƙofa,
in tsaya ina dube-dube
cikin duk wannan kore,
ina neman mai jin ƙishi.